Yadda Ake Rage Taurin Kabonet a Ruwan Akwatin Kifi Ba Tare da An Wahalar da Kifin Ba

Duk wanda ya ajiye kifin ado a akwatin gilashi a Gombe, ko ba daɗe ko ba jima zai ga wani farin layi ya fito a jikin gilashin, daidai inda ruwa ya tsaya. A goge shi yau, bayan sati ya dawo. Narkakken dutse ne da ruwan ya ɗauko tun daga ƙarƙashin ƙasa, da ya ƙafe sai ya bar shi a gilashi. Wani sashe na wannan narkakken dutse kabonet ne da baikabonet, kuma yawansu a cikin ruwa shi masu kiwon kifin ado ke aunawa da sunan KH, wato taurin kabonet.

Yawancin mutane ba ta ƙofar KH suke shiga maganar ba, ta pH suke shiga, wato awon tsamin ruwa: ƙasa da 7 ruwan na da tsami, sama da 7 ya karkata ɓangaren kanwa. Mutum ya sayo kifi mai tsada, an ce masa pH 6.5 yake so. Ya auna ruwansa ya ga 8.2, sai ya sayo kwalbar maganin sauke pH ya zuba. Da yamma awo ya nuna 7, hankalinsa ya kwanta. Washegari ya tarar ya koma 8.2. Ya ƙara zubawa, ya sake komawa. Kafin sati ya zagayo kifin sun fara mutuwa da ɗai-ɗai, kuma ba 8.2 ɗin ne ya kashe su ba, hawa da saukar ne. Abin da ke mayar da pH inda ya fito shi ne KH. Muddin ba a rage shi ba, duk abin da aka zuba asarar kuɗi ne da azabtar da dabba.

Yadda abin ke aiki, kowace mai girki ta san shi. Idan miyar yakuwa ta yi tsami, jiƙon kanwa ake ɗiga mata, tsamin ya mutu. Ita kanwa kabonet ce da baikabonet, aikinsu cinye tsami. Ruwa mai yawan KH tamkar wanda aka riga aka jiƙa wa kanwa ne: duk tsamin da ya shigo, daga kashin kifi ne, ko ruɓaɓɓen abinci, ko kwalbar magani, sai ya lanƙwame shi, pH ya tsaya cak. Wannan babbar kariya ce ga kifi. Shi ya sa nake so mu fahimci juna tun yanzu: ba kawar da KH za mu yi ba, rage shi za mu yi zuwa gwargwadon bukatar abin da ke cikin akwatin.

Kada kuma a haɗa shi da GH. Shi GH awon sinadarin kalsiyam ne da maganisiyam, waɗanda ke hana sabulu kumfa, kuma kifi na bukatar su don ƙashi da ɓawon jiki. Sau da yawa tare suke hawa, domin dutsen farar ƙasa idan ya narke duka biyun yake bayarwa, amma kowanne da ma'auninsa.

Tambayar farko: kifinka na bukatar wannan aikin?

Na fi son mutum ya tsaya a nan ya yi tunani, don da yawa daga masu neman rage KH ba su da dalilin yin haka. Gupi, moli, filati da kifin zinariya sun fi walwala a ruwa mai tauri. Haka kifayen nan masu launin shuɗi da rawaya 'yan asalin tafkin Malawi da tafkin Tanganyika, inda pH ke kaiwa 8 har ya wuce. Tarwada da karfasa kuwa ba su da zaɓe. Idan irin waɗannan ke gare ka, ka bar ruwanka yadda yake, ka riƙa sauya shi a kan kari, shi ke nan.

Masu bukatar ruwa mai laushi su ne 'yan asalin kogunan daji: diskos, enjel, tetira niyon da tetira kadinal daga yankin Amazon. Shi kadinal a kogin Rio Negro na ƙasar Brazil yake, inda ruwan ya yi duhu saboda ruɓaɓɓen ganye, KH ɗinsa kusan babu. A nan gida ma muna da irinsu, kamar kirib na kudancin Najeriya. Ko su ɗin, waɗanda aka haifa a gonakin kifi sukan saba da ruwa mai matsakaicin tauri su yi rayuwarsu. Inda tauri ke nuna kansa sosai shi ne wurin haihuwa, sai ka ga an saka ƙwai amma ba ya ƙyanƙyashewa.

Akwai dalili na biyu da ya shafi kowane kifi. Amoniya da ke fita daga jikin kifi, dafinta na ƙaruwa idan pH ya hau. A pH 7, abin da ke da dafi a cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ya kai kusan kashi 5, kuma zafi na ƙara shi. Wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Gombe ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman ga akwatin da kifi suka yi wa yawa.

Ga inda nake ba da shawarar a nufa. Akwatin da aka haɗa kifi iri-iri da tsirrai, KH 4 zuwa 6 ya wadatar. Na diskos da tetira zalla, 3 zuwa 4. Ƙasa da 3 aikin masu neman kifi su hayayyafa ne, waɗanda ke awo kullum. Sabon shiga kada ya je can.

Mataki na ɗaya: awo

Ka nemi ma'aunin KH na ɗigo, irin na kamfanonin API ko Sera ko Tetra ko JBL. Idan ba ka samu a gari ba, ana yin odarsa daga Kano, Abuja ko Legas. Na takarda da ake tsomawa ya fi araha, amma kintace yake bayarwa, ba zai nuna maka bambancin 4 da 6 da kyau ba.

Ka ɗauraye kwalbar gwajin da ruwan da za ka auna, ka cika ta zuwa layin mililita 5. Sirinji ya fi ido daidaito. Ka riƙe kwalbar maganin a tsaye, ka ɗiga ɗigo ɗaya, ka girgiza, ka ƙirga. A irin na API ruwan zai fara yin shuɗi, ka ci gaba da ɗigawa kana girgizawa har ya juye ya zama rawaya. Yawan ɗigon shi ne KH ɗinka: ɗigo 9, digiri 9 ke nan. Digiri ɗaya daidai yake da miligiram 17.9 a kowace lita, don haka idan ka ga an rubuta 180 a wata takardar gwajin ruwa, kusan digiri 10 ake nufi. Idan ruwan ya yi laushi sosai, ka auna mililita 10 maimakon 5, sai kowane ɗigo ya zama rabin digiri.

Ruwa biyu za ka auna, kuma nan ne asirin yake: na cikin akwati da wanda kake zubawa a ciki. Ka rubuta KH, GH da pH na kowanne. Game da pH na ruwan burtsatse ko rijiya, kada ka yarda da awon da ka yi yana fitowa, domin yana tafe da iskar kabon da ke danne pH ɗin. Ka zuba a bokiti, ka saka masa dutsen iska, wato ɗan dutsen da ake jona wa famfon iska yana fitar da kumfa a ruwa, ya kwana, sannan ka auna.

Kada ka ɗauki awon maƙwabcinka ka yi aiki da shi. Ruwan famfo da ke zuwa Gombe daga madatsar Dadin Kowa ruwan kogi ne, daban yake da na burtsatse. Burtsatsen Tumfure da na Pantami ba lalle su zo ɗaya ba. Yankin Ashaka da Bajoga kan dutsen farar ƙasa yake zaune, shi ya sa ma kamfanin siminti yake can, alhali Bauchi duwatsunta na giranit ne masu wuyar narkewa. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa kuwa, ya riƙa aunawa lokaci-lokaci, don ba kullum wuri ɗaya suke ɗebowa ba. Maganin gwajin kuma a ajiye shi a inuwa, zafi na lalata shi.

Mataki na biyu: nemo inda taurin ke fitowa

Idan KH na akwati ya fi na ruwan da kake zubawa, to matsalar a cikin gida take. Abu biyu ne ke jawo haka.

Na farko kayan adon ciki. Farar tsakuwar nan ta tarazo, ƙwanson dodon koɗi, wuri, murjani, gutsuren dutsen farar ƙasa, da duk wani abin ado da aka yi da siminti, a hankali suke narkewa suna zuba kabonet a ruwa. Ka ciro su ɗaya-ɗaya, ka busar, ka ɗiga musu ruwan khal. Wanda ya yi kumfa ko ka ji yana ƙara siii, ba ya komawa. Yashin kogi ma a gwada shi, don wani yana gauraye da ɓarɓashin ƙwanso. Idan kana shakka, ka jiƙa dutsen a bokitin ruwan da ka san KH ɗinsa, bayan sati ka sake aunawa. Tsakuwar giranit da aka wanke sosai da yashin da bai yi kumfa ba su ne abin shimfiɗawa. Tankin ƙasa na siminti da ake tara ruwa a ciki, musamman sabo, shi ma yana ƙara wa ruwa tauri tun kafin ya iso akwati.

Idan tsakuwar ƙasan ce gaba ɗaya za a canza, kada a kwashe ta rana ɗaya. Ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya suna zaune a jikinta. A kasa aikin uku, a bar sati tsakanin kowanne.

Na biyu, wanda a ganina shi ne babban ɓarawo a yankinmu, ƙafewar ruwa. Da hunturu iska a bushe take ƙayau, da bazara ga zafi ga fanka, ruwan akwati sai sauka yake yi. Amma ruwa ne kaɗai ke tashi, narkakken dutsen yana nan. A ce akwatinka lita 100 ne, KH 8. Lita 10 ta ƙafe, ka cike gurbin da ruwan famfo mai KH 8. Yanzu kabonet na lita 110 ke cikin lita 100, KH ya koma 8.8. Ka yi irin wannan ciko sau biyar ba tare da ka zubar da komai ba, a lissafi ka doshi 12. Mutum yana ganin yana kula da kifinsa, ashe tara musu dutse yake yi. Ƙa'idar ita ce: abin da ya ƙafe, da ruwa marar tauri ake cike shi. A kuma yi wa akwatin murfi, a bar 'yar kafar shan iska. Wasu daga nan matsalarsu ke ƙarewa.

Mataki na uku: samo ruwa marar tauri

Idan ruwan da kake samu ne da kansa mai tauri, hanya mafi aminci ita ce sirki, wato a gauraya shi da ruwan da ba shi da kabonet. Inda za a samo wannan ruwan shi ne ainihin aikin.

Na'urar RO ita ce kan gaba. Tana matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata da ke tare sama da kashi 90 cikin 100 na abin da ya narke a ciki. Sai dai tana da sharuɗɗa. Tana son ruwa mai ƙarfi, wanda tankin saman gida ba ya bayarwa, don haka a sayi mai ɗan famfon ƙarin ƙarfi. Kulorin na cinye fatar, dole matatar gawayi ta zo kafin ita, a kuma riƙa canza ta. Sannan ƙananan na gida sukan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin su ba da lita ɗaya. A garin da ake sayen ruwa a jarka wannan abin dubawa ne, amma ruwan da ta zubar ba datti ba ne, a tara shi a yi wanki da shara da ban-ruwan shuka. Wanda ba zai iya sayen na'urar ba, ya tambayi masu sarrafa ruwan sha na kusa da shi ko suna amfani da RO, ya riƙa sayen jarka.

Fiya wata ba tabbas gare shi ba. Wani da RO ake tace shi, wani kuwa ruwan burtsatse ne da aka tace datti aka kashe ƙwayoyin cuta, taurinsa na nan daram. Ka fasa leda ɗaya ka auna kafin ka sayi jaka. Ka tuna kuma jaka guda mai leda 20 lita 10 ce kacal.

Ruwan sama kyauta ne daga Allah, KH ɗinsa kusan sifili, amma sai an iya tara shi. Ruwan farkon damina wankin ƙurar hunturu ne da kashin tsuntsaye, a bar shi ya wuce. Ko da damina ta kankama, a bar mintunan farko na kowane ruwa su zube. Ban yarda da ruwan indararon kwano ba, domin kwanon rufi shafe yake da sinadarin zink, wanda dafi ne ga kifi. Gara a ajiye manyan bahon roba a tsakar gida, ko a ɗaura sabuwar leda mai kauri ta riƙa zuba a duro, nesa da hayaƙin janareta da na murhu. Duron roba za a samu mai murfi, wanda aka tabbatar bai taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi ba. A rufe shi ruf saboda sauro da gansakuka. Kafin amfani a tace da gawayin filta, a kuma auna.

Sai dai a yi lissafin rani tun a watan Agusta. Akwatin lita 100 da ake sauya wa lita 20 duk sati, idan kashi biyu cikin uku ruwan sama ne, lita 13 ke nan a sati. Daga Nuwamba zuwa Afrilu sati 26 ne, kusan lita 340. Idan ƙafewa na cin lita 5 a sati, ƙara 130. Duro biyu masu lita 200 ba za su kai ka ba, sai uku. Wanda ya sabar wa kifinsa da ruwa mai laushi, ya wayi gari a Fabrairu duro ya ƙare, ya koma ruwan burtsatse dare ɗaya, ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Tataccen ruwan da ake zuba wa batirin sola shi ma ba shi da tauri, yana yi wa ƙaramin akwati. Amma a yi hattara ƙwarai, domin a shago ɗaya ake sayar da shi da ruwan batir mai asid, kuma a ido ba su da bambanci. A sayi wanda ke rufe da hatimi, a auna pH ɗinsa kafin ya kusanci kifi. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a bar wa shuka, ya bi ta kan ƙarfe da ƙura.

Tafasa ruwa ma na rage KH. Idan ruwa ya tafasa na kamar minti 15, wani kaso na kabonet yakan haɗu da kalsiyam ya kwanta a ƙasa fari. A bari ya huce ya kwanta, a tsiyaye na sama a hankali, a saka masa dutsen iska, don tafasasshen ruwa ba shi da iskar shaƙa. Ga akwatin lita 20 ana iya jurewa, ga na lita 100 kuɗin gas ko gawayi zai fi kuɗin kifin. Kuma idan awonka ya nuna KH ya fi GH yawa, alama ce cewa kabonet ɗin irin na kanwa ne, tafasawa ba za ta kwantar da shi ba.

Mataki na huɗu: lissafin sirki

Lissafin ba wuya. Ka raba KH ɗin da kake so da KH ɗin ruwanka, abin da ya fito shi ne kason ruwan famfo a cikin haɗin. Ruwanka 12 ne, kana son 4: kashi ɗaya cikin uku ruwan famfo, kashi biyu marar tauri. Kana son 6: rabi da rabi. A jarka mai lita 25, haɗin farko ya zama kamar lita 8 na famfo da 17 na marar tauri.

A bokiti ko duro ake haɗawa, ba a cikin akwati ba. Idan ruwan famfon hukuma ne, a ɗiga masa maganin kashe kulorin. A saka dutsen iska ya kwana, da safe a auna KH, GH da pH. A kuma taɓa a ji zafinsa ya yi daidai da na akwati, don ruwan tankin sama da rana tsaka kamar an ɗora shi a wuta yake, da asubahin hunturu kuma sanyi ƙarara.

Sirki na rage GH tare da KH. Idan GH ya faɗi ƙasa da 4, a mayar da shi da garin ma'adinan da aka yi don haka, irin su Seachem Equilibrium, wanda ke ƙara GH ba ya taɓa KH. Kada a taɓa zuba kifi a ruwan RO ko ruwan sama zalla. Jikin kifi na musayar gishiri da ruwan da yake ciki, ruwan da babu komai a cikinsa tsotse shi yake yi.

Mataki na biyar: sauyawa a hankali

Ka fara sanin yawan ruwanka. Tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1000. Akwati mai 80 da 35 da 40 lita 112 ne, idan aka cire tsakuwa da ɗan gurbin sama ya zama kamar 100.

Kada KH ya sauka fiye da digiri ɗaya zuwa biyu a sauyi guda, kuma a bar kwana biyu ko uku tsakani. Ga misali da akwatin lita 100 mai KH 12. Ka zuƙe lita 15 da tiyo, ka mayar da lita 15 na ruwa marar tauri, kana zubawa kaɗan-kaɗan kusa da inda filta ke fitar da ruwa. KH zai koma 10.2. Sauyi na biyu 8.7, na uku 7.4, na huɗu 6.3, na biyar 5.3, na shida 4.5, na bakwai kusan 3.9. Aikin sati uku ke nan. Daga nan sai ka daina zuba marar tauri zalla, ka koma haɗin nan na kashi ɗaya da biyu a kowane sauyin sati.

Lissafi jagora ne kawai, awo shi ne alƙali. Bayan kowane sauyi da awa ɗaya ka auna, washegari ka sake. Ka kuma zuba wa kifin ido. Idan ka ga sun matse fukafukansu, suna haki a saman ruwa, suna goga jiki da duwatsu, ko sun ƙi abinci, ka dakata sati guda. Dabbar da ka killace a gilashi amana ce a hannunka, ba ta da inda za ta gudu idan ruwa ya juya mata.

Da farko za ka ga pH bai motsa sosai ba, kada wannan ya sa ka gaggawa. Sai KH ya sauko wajen 4 ko 5 sannan pH ke fara biyo shi.

Ganye, itace da ƙasar fit

A wannan gaɓar ne kayan tsami na halitta ke da amfani. Busasshen ganyen almon, bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ke yin ja kafin ya faɗo, wadda ake shukawa don inuwa a makarantu da ofisoshi, yana sakin tsami mai sauƙi, ya ba ruwa launin ruwan ƙasa. A tsinci wanda ya faɗo da kansa, daga bishiyar da ba a yi wa feshi ba, a wanke, a busar, a saka ɗaya ko biyu a lita 50. Ƙasar fit, wato ruɓaɓɓun tsirran fadamun ƙasashen sanyi, ta fi ganye ƙarfi. A sayi wadda aka yi don akwatin kifi, ba ta lambu mai taki ba, a ɗaure ta a ƙyalle mai raga a saka a filta. Itacen ado da aka jiƙa shi ma yana ɗan taimakawa. Amma gaskiyar magana, a ruwa mai KH 12 duk waɗannan launi kawai za su canza. Bayan sirki ne suke aiki, ba a madadinsa ba.

Abubuwan da za a nisanta

Lemon tsami, tsamiya da ruwan khal suna sauke pH na ɗan lokaci, sannan bakteriya su cinye su, ruwa ya yi fari-fari, iskar shaƙa ta ragu, taurin ya dawo. Alif da ake kwantar da dattin ruwa da shi yana cin KH, amma yana barin alminiyam, wanda ke lalata wurin numfashin kifi idan ruwa ya yi tsami. Wasu magungunan sauke pH masu sinadarin fosfet ne, abincin gansakuka, cikin sati biyu gilashi ya koma kore. Na'urar tausasa ruwa mai aiki da gishiri kalsiyam take cirewa, KH yana nan inda yake. Iskar kabon da masu tsirrai ke busawa a ruwa tana sauke pH, ba ta rage KH ko kaɗan.

Asid mai ƙarfi yana karya kabonet da gaske, haka garin Seachem Acid Buffer. Wanda ya ga dole sai ya bi wannan hanya, ya yi amfani da wanda aka yi don kifi, ya bi umarnin jikin kwalba, ya haɗa a duro daban, ya bar dutsen iska a ciki awa 24, ya auna, sannan ya zuba. Asid ɗin batir ko na wanke bayi kuwa, kada ma a kawo shi kusa, balle a gidan da yara ke kai-komo.

Bayan an kai inda ake so

Akwati mai ƙaramin KH ya fi bukatar ido, domin kariyarsa ta ragu. Bakteriyar filta da kansu suna cin kabonet: kowane giram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya da suka sarrafa yana cinye kusan giram 7. Ma'ana KH zai riƙa sauka da kansa tsakanin sauyi da sauyi. Idan aka yi sakaci ya kai sifili, pH na iya rikitowa daga 7 zuwa 5 cikin dare, bakteriyar su tsaya da aiki, kifi su ƙone. Don haka sauyin kashi 20 cikin 100 duk sati ba abin ɗagawa ba ne, awon KH ma haka. A rage yawan abinci, a kwashe wanda ya saura.

Ɗauke wuta na ƙara haɗarin. Idan famfon iska ya tsaya da dare, iskar kabon da kifi da tsirrai ke fitarwa takan taru, kuma a ruwa mai ƙaramin KH sai ta ƙara danne pH ƙasa. Ƙaramin famfon iska mai caji, ko wanda ake jona wa fawa bank, ya fi duk wani kayan ado da za ka saya daraja.

Idan ka auna ka ga KH ya faɗi ƙasa da 2 ba da niyya ba, bekin soda zalla ke ɗaga shi, ba bekin fauda na kek ba. Giram 3 a lita 100 na ƙara digiri ɗaya. A narkar a kofi, a zuba a hankali, digiri ɗaya a rana. Kada a firgita a kwashe rabin ruwan a cika da mai tauri, domin amoniyar da ta taru lokacin da pH ke ƙasa za ta zama dafi nan take idan ya yi tsalle sama.

Sabon kifi kuma daga wani ruwa ya fito, wataƙila mai tauri. Ka auna KH na ruwan ledar da aka ba ka shi. Idan bambancin ya wuce digiri 3, ka juye shi da ruwansa a bokiti mai tsabta, ka ja siririn tiyon iska daga akwati, ka ƙulle shi sako-sako yadda zai riƙa ɗiga ɗigo biyu ko uku a daƙiƙa. Bayan kamar awa ɗaya, idan ruwan bokitin ya ninka sau uku, ka kamo kifin da raga ka saka a akwati, ruwan bokitin kuma ka zubar.